Shawarwari 13 Ga Masu Gida Kafin A Kunna Darr Da Finafinai Irinsa

Finafinai iri-iri ne. Akwai na barkwanci, akwai na soyayya da rawa da waƙa, akwai na doke-doke inda jarumi ɗaya zai watsa taron ƙarti ko gumi bai yi ba. Akwai kuma wani nau'in da ba ya nuna aljani ko dodo, amma yakan bar mai kallo da faɗuwar gaba har ya je ya kwanta. Shi ne fim mai wasa da hankali, wanda abin tsoron cikinsa mutum ne kamar kowa, mai fara'a da iya gaisuwa, sai dai abin da ke ransa babu alheri. A cikin irinsu da suka shigo ƙasar Hausa, kaɗan ne suka yi farin jinin Darr, fim ɗin Indiya da Yash Chopra ya ba da umarni, wanda ya fito a watan Disamba na 1993.

Lokacin da Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya sinimomin Kano a shekarun 1950, fim yana da ƙofa, ƙofar kuma tana da mai tsaro. Sai dare ya yi, sai an yanki tikiti, matan aure ba sa zuwa, yaron da aka gani a can kuwa ya san abin da zai tarar a gida. Kaset ɗin bidiyo ne ya ɓalle wannan ƙofa. Daga kasuwar Ƙofar Wambai ake sarinsa zuwa kasuwannin Arewa, har da ta Jega wadda mutanen Aliero da Jiga Birni da Maiyama ke ci. Bayan kaset faifai ya zo, bayan faifai kuma memori da wayar hannu. Yanzu aikin mai tsaron ƙofa, da na mai juya fim, da na mai tacewa, duk sun dawo wuyan maigida da uwargida. Ga abubuwan da za su sauƙaƙa musu wannan aiki.

1. Ku san labarin kafin ku shigo da shi gida

Sunayen da ke kan kwalin suna iya yaudarar mutum. Ga Shah Rukh Khan, ga Juhi Chawla, ga Sunny Deol ɗan Dharmendran nan da iyayenmu ke kira Sarkin Ƙarfi. Duk wanda ya gansu zai ɗauka soyayya ce da rawa a kan duwatsun ƙasar Suwizalan. Rawar tana nan, duwatsun ma suna nan, amma ƙashin bayan labarin daban ne.

Kiran budurwa ce da ke shirin auren Sunil, hafsan sojan ruwa. Rahul, wanda suka yi kwaleji ɗaya da ita, ya ƙwallafa rai a kanta alhali ita ko tunawa da shi ba ta yi. Ba ya iya tunkararta ido da ido. Sai dai ya buga mata waya ya kira sunanta cikin in'ina, ya bi ta a ɓoye, ya cika ɗakinsa da hotunanta. Ranar bikin Holi, da ake watsa wa juna kala, ya saje da makaɗa ya shiga har gidansu ya shafa mata kala a fuska. A fim ɗin akwai kisa, akwai kuma wurin da ya zana sunanta a ƙirjinsa da wuƙa. Wanda ya san haka tun farko ba zai kunna shi ranar suna ko ranar sallah, gida cike da yara, ba.

2. Babba ya fara kallonsa shi kaɗai

Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana rarraba finafinai da alamomi irin su G da PG da 12 da 15 da 18. Jihar Kano ma tana da tata hukumar tun 2001. Amma fim ɗin da aka turo a memori ba ya zuwa da wata alama, kuma mai turin ba zai tambayi shekarun wanda zai kalla ba. Saboda haka maigida ko uwargida ɗaya ya zauna ya kalle shi tukuna, ko da yana tsallake waƙoƙi, sannan a yanke shawarar wanda zai zauna da wanda zai je ya kwanta. A ganina yaron da bai kai shekara 15 ba bai da abin yi a gaban wannan fim.

A kula da masu barcin ƙarya. Kowa ya san yarinyar da ke kwance bayan uwarta a kan tabarma, ta ja zane ta rufe fuska, ta bar ido ɗaya a waje. Ita ce za ta tashi tsakar dare tana cewa, "Inna, mutumen nan shina zuwa gidanmu?" Fim ɗin dodo yaro yakan manta da shi in an ce masa babu dodo. Wannan kuwa wayar tarho ya nuna masa, da taga, da baƙon da ke murmushi, kuma duk akwai su a gidansu. In yaro ya riga ya gani, kada a yi masa tsawa ko dariya. A zaunar da shi a faɗa masa wasa ne, mutanen suna nan da ransu suna yin wasu finafinan, a bar masa fitila a kunne na 'yan kwanaki.

3. In faifai za ku saya, ku yi lissafi

Darr ya kusa awa 3. Faifan VCD ba ya ɗaukar fiye da minti 80, don haka in an miƙo muku shi a faifai 2 na VCD, an datse wani abu. Faifan DVD ɗaya mai ɗaukar gigabait 4.7 ya ishe shi, matuƙar shi kaɗai ne a ciki. Matsalar tana ga faifan nan da ake cusa wa finafinai 10 ko 20. Inda fim ke nuna rana hoton ba laifi, amma da an shiga wurin duhu sai allo ya farfashe, fuska ta koma dabbare-dabbare. Irin wannan fim kuwa a duhu yake ajiye abin da yake son ku gani: inuwa a bayan labule, ko hannu a kan marfin ƙofa. Araha ba ta ado.

A juya bayan faifan a duba. Wanda kamfani ya buga yana da launin azurfa. Wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi shuɗi-shuɗi ko shunayya, kuma shi ne ke saurin mutuwa in ya sha rana. Kada a ji nauyin cewa, "Malam, sa min shi in gani." A sa ya kai shi tsakiya, ya kai shi kusa da ƙarshe, don a nan ne faifai mai lahani ke sarƙewa. Kamfanin Yash Raj Films da ya shirya fim ɗin ya fitar da shi a DVD da fassarar Turanci rubuce a ƙasan allo, kuma duk kwafin kirki yakan zo da ita.

4. Wajen masu turi, ku je da memorin da ba kowa a ciki

Yawancin gidaje yanzu ta wurin masu turi suke samun fim. Kada a miƙa musu wayar da ke ɗauke da hotunan iyali da saƙonnin gida, sannan a tafi cefane a ce a dawo a karɓa. A ware memori ɗaya ko filas don finafinai kawai. A tsaya a wurin har a gama, a buɗe a gani kafin a biya. In an iso gida, babba ya bi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, domin wasu sukan ƙara "kyauta" da ba a roƙa ba, kuma ba kowace kyauta ce ta dace da idon yara ba.

A dubi nauyin fim ɗin ma. Fim mai awa 3 da aka matse ya koma megabait 200 ya dace da allon waya, amma a talabijin dishi-dishi zai yi. A nemi wanda ya kai gigabait 1 ko fiye. Sannan a faɗi sunan fim tare da shekararsa, saboda sunaye suna maimaituwa, kada a nemi tsohon a dawo da wani sabo mai kama da sunansa.

5. Fassarar Hausa ko muryar asali?

Fassarar Indiya-Hausa, wadda kamfanoni irin su Algaita na Kano suka yi fice a kanta, ta buɗe wa mutane da yawa ƙofar fahimtar abin da da sai dai su yi hasashe. Ga gidan da ba a karanta Turanci, ita ce mafita. Sai dai a zaɓa da kyau. Wasu masu fassara ba sa iya barin wuri shiru. Da jarumi ya yi jim sai su cusa barkwanci ko habaici. A fim ɗin doke-doke wannan yana ƙara armashi, amma a nan yana kashe fim ɗin, domin shirun da numfashin da ake ji ta waya su ne maganar. A saurari minti 5 na wurin da Rahul ke buga waya. In an ji ana dariya a ɗakin, a nemi wata fassarar. In akwai ɗalibi a gidan, ko daga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ko daga sakandare, ana iya kallon na asali yana taƙaita wa sauran abin da aka faɗa, da sharaɗin ba zai riga fim ɗin magana ba.

6. Ku shirya wuta da lokaci

Babu abin haushi irin a ɗauke wuta daidai lokacin da Kiran ta ɗaga waya. Talabijin mai inci 32 na zamani da na'urar DVD ba su cika wuce wat 60 a haɗe ba, don haka batirin sola mai lafiya da ya sha rana zai iya kai su ƙarshe, in an kashe firji da dutsen guga. Mai janareta ya auna mansa kafin a fara. Janareta kuma waje ake ajiye shi, nesa da taga da ƙofar ɗaki, ko da ana ruwa ko ana tsoron ɓarayi. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe iyalai suna barci.

Game da lokaci, fim ɗin da aka fara da ƙarfe 8:30 bayan isha'i sai 11:30 zai ƙare, ga asuba tana jira, ga mai ban ruwan albasa zai yi sammakon fadama, ga 'yan makaranta. In ba za a iya zama ɗaya ba, a raba shi biyu a wurin hutun rabin lokaci. Finafinan Indiya suna zuwa da wannan hutu a tsakiyarsu, kuma mai ba da umarni da kansa ya zaɓi wurin don ya bar mai kallo da ɗokin dawowa.

7. A fara tare, kuma wanda ya gani ya kama bakinsa

A 1960, da Alfred Hitchcock ya fitar da Psycho a Amurka, ya gindaya wa masu sinima sharaɗi: da an fara fim, ba a barin kowa ya shiga, ko wane ne shi. Ya kuma roƙi waɗanda suka kalla kada su faɗa wa kowa ƙarshensa. Ya san cewa irin wannan labari ana gina shi ne daki-daki, wanda ya rasa minti 10 na farko zai yi ta tambaya har ƙarshe.

A ɗauki wannan doka a gida. A gama wanke-wanke, a kai wa tsofaffi abin da suke buƙata, a ɗaure dabbobi, sannan a kunna. Wanda ya makara ya haƙura sai gobe. Akwai kuma ɗan uwan da ba a rasawa a kowane gida, wanda ya kalla tun zamanin kaset, bakinsa yana ƙaiƙayi: "Ku duba, ku duba, yanzu zai fito!" A roƙe shi da girmamawa tun kafin a fara: "Kawu, don Allah yau a bar mu mu gani da idonmu."

8. Wuri da sauti

Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, ɗaki ba ya zaunuwa, sai a fito da talabijin tsakar gida. Ga wasan Hausa na barkwanci wannan daidai ne. Ga Darr kuwa, da an kunna za ku ga kawunan yaran maƙwabta a bakin zaure da kan katanga, kuma ba ku da ikon tace musu. A kalle shi a falo ko a ɗaki, a buɗe taga. Kada a kashe fitila gaba ɗaya. Ƙaramar fitila a bayan masu kallo tana rage gajiyar ido ba tare da ta haske allon ba.

Sautin irin waɗannan finafinai yana da tarko. Ana magana ƙasa-ƙasa har ku ƙara murya, sai kiɗa ya fashe gaba ɗaya. A Psycho, mai tsara kiɗa Bernard Herrmann da kayan kiɗa masu tsirkiya kawai ya yi amfani, amma ƙararsu a wurin kisan banɗaki takan sa mutum ya zabura. A daidaita murya a kan wurin da ya fi ƙara, a matso kusa don jin sauran. Talabijin da yawa suna da tsarin sautin dare a cikin saitinsu, wanda ke rage tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa. Maƙwabci mai jinya ko mai jariri yana da haƙƙi.

9. Bayan an kashe, a yi zancen da fim ɗin ya buɗe

Nan ne amfanin kallon yake. A al'adar kallonmu akwai jarumi akwai bos, kuma kowa ya san wanda zai goya wa baya. Darr ya rikita wannan lissafi. Bos ɗin ne aka ba waƙa mafi daɗi da hawaye mafi yawa, har masu kallo da dama suka fi tausaya masa fiye da mijin da bai yi laifin komai ba. Rawar da ya taka a matsayin Rahul tana cikin waɗanda suka ɗaga Shah Rukh Khan, a shekarar da ya fito a Baazigar. Saurayi ɗan shekara 17 zai iya tashi daga gaban allon da tunanin cewa nacin da ba ya jin "a'a" shi ne so na gaskiya.

Uba ya tambayi samarin gidan kai tsaye: me Kiran ta samu daga wannan son in ban da firgita da rashin barci? A tuna musu cewa addini ya hana neman aure a kan neman wani, kuma wanda ke son yarinya da gaske ƙofar iyayenta yake bi, da rana, da manyansa. Uwa kuma ta keɓe da 'yan mata. A 1993 sai mutum ya nemi wayar tarho ta gida. Yau lambar yarinya tana yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok. A faɗa mata: in baƙuwar lamba ta dame ki, ko wani yana bin ki hanyar islamiyya, ki faɗa, ba za a ɗora miki laifi ba, ba za a ƙwace wayarki ko a cire ki daga makaranta ba. Tsoron hukuncin gida ne ke sa yara yin shiru har abu ya yi nisa. Kada a goge saƙonnin, su ne shaida. A fara da iyayen yaron da mai unguwa, in abin ya ƙi a kai ga hakimi ko 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga mai tsoratar da mutum ta waya ko ta intanet.

10. A koya wa mutanen gida riƙe bayani

Akwai darasin da masu kallo kan wuce ba su lura ba. Da ma'auratan suka ɓoye inda suka tafi bayan biki, Rahul bai fasa ƙofa ba. Ya shiga jikin Vijay, yayan Kiran, mutum mai son hira da wasan kurket, ya zama ɗan gida, har ya gano inda suke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu mutane ne masu karɓar baƙo, kuma ba a so a bar wannan hali. Amma a koya wa yara da masu aiki cewa ba kowa ake faɗa wa inda Yaya ta tafi, da ranar da za ta dawo, da lambar wayarta ba. Amsa ɗaya ta isa: "Bari in kira Baba." Haka nan sanya hotunan biki da na tafiya a intanet tun ana wurin, yana sanar da wanda ba a gayyata ba.

11. Kada fim ya sa a tsani mai taɓin hankali

Rahul yana ɗaga waya yana hira da mahaifiyarsa wadda ta rasu da daɗewa. A Psycho ma ciwon ƙwaƙwalwa ne aka jingina wa ta'asar. Masu shirya fim suna son wannan hanya saboda tana ba da tsoro, amma tana barin mummunan zato. Mafi yawan masu fama da ciwon ƙwaƙwalwa ba sa cutar da kowa. Su ne ma aka fi cuta, da tsokana da jifa da ɗauri. A bayyana wa yara haka a fili, musamman in akwai mai irin wannan lalura a unguwa.

Abin ɗauka a nan shi ne lura da wuri. Matashin da ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, yake magana da wanda ba a gani, ko ya kafe a kan mutum ɗaya har ya bar karatu da sana'a, yana buƙatar likita tare da addu'a. Aliero ta yi suna a ɗorin karaya, kuma ba wanda ke jin kunyar kawo mai karyayyar ƙafa daga nesa. Bai kamata a ji kunyar kai mai wannan ciwo asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato ba. A 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma ta amince da haƙƙin majinyaci na a kula da shi cikin mutunci.

12. Ma'aurata su nemi Gaslight na 1944

Wannan na manya ne, bayan yara sun yi barci. Fim ne baƙi da fari da George Cukor ya ba da umarni, wanda Ingrid Bergman ta ci kyautar Oscar da shi. Babu jini a cikinsa. Miji ne a birnin Landan yake ɓoye ƙananan abubuwa, kamar abin ado ko hoton bango, sannan ya ce matarsa ce ta ɓatar ta manta. Ya hana ta fita da karɓar baƙi, wai don lafiyarta. Da dare takan ji takun ƙafa a saman ɗaki, ta ga hasken fitila ya ragu, a ce mata babu abin da ya faru. A hankali ta fara yarda cewa hankalinta ne ke gushewa.

Ba sai an je Ingila ba kafin a ga irin wannan. Akwai mijin da zai yi alkawari gaban shaidu, gobe ya ce, "Yaushe na faɗa? Ke dai kanki ba daidai yake ba." Akwai matar da ke yi wa kishiya ko tsohuwar suruka haka. Abin da ya ceci matar fim ɗin shi ne samun mutum ɗaya daga waje da ya ce shi ma ya ga abin da ta gani. Don haka iyaye kada su yanke zumunci da 'yarsu don ta yi aure, kuma in ta kawo kuka a saurara kafin a ce ta yi haƙuri.

Wajen nema a ambaci shekara, domin akwai na Ingila na 1940 mai suna ɗaya. Kamfanin MGM da ya sayi haƙƙin labarin ya so a lalata kwafin na farkon, amma ya tsira, har faifan DVD da Warner ya fitar a 2004 ya haɗa su biyun.

13. Adana faifai da kaset, da ladabin aro

Faifai kamar albasa yake: yana son inuwa da iska, ba ya son a danne shi. A jera shi a tsaye cikin kwalinsa, nesa da rufin kwano da taga. Kada a bar shi a gaban mota ko a kan na'urar da ta yi zafi. A riƙe shi ta gefe ko ta hujin tsakiya. In ƙurar hunturu ta hau shi, a hure tukuna, sannan a goge da tsumman auduga mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. In babu kallo a lulluɓe na'urar da kyalle. Da damina kuma a ɗaga kwalayen daga ƙasa saboda laima da gara.

Masu tsofaffin kaset a cikin adaka su yi hanzari. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo, ya daina a 2016, kuma masu gyaranta suna ƙaranci. A nisanta kaset daga lasifika saboda maganaɗisu, a ajiye shi a tsaye bayan an tariyo shi farko. In an ga farin funfuna a jikin zaren, kada a saka shi, zai ɓata kan na'urar ya shafa wa sauran. Darr ana iya sake samunsa a ko'ina, amma kaset ɗin bikin aurenku ko na saukar karatu ba shi da na biyu. Shi za a fara kai wa mai kwamfuta a mayar da shi memori, a yi kwafi biyu, ɗaya a ajiye a wani gidan.

In maƙwabci ya zo aro, a faɗa masa irin fim ɗin da yake ɗauka, don shi ma yana da yara. A rubuta sunan gida a kwali, ba a bayan faifai ba. Inda kuma ake da halin sayen na asali, ko kallo ta hanyar da masu fim ke samun haƙƙinsu, a yi hakan, musamman ga finafinanmu na Hausa. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 a kan cinikin kaset ta tsayu, kuma satar fasaha tana cikin manyan abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifai. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta haramta kwafa da sayarwa ba da izini ba, kuma kuɗin da aka biya ta halastacciyar hanya shi ke ba masu shiryawa damar yin wani fim ɗin.